Ga Masu Tambayar “Yaushe Zai Daina?”

Alhaji, na ga ka taɓe baki tun ban buɗe nawa ba. Hajiya ta gyara mayafi, alamar hukunci ya riga ya fita. Allah ya gafarta Malam kuma ya yi shiru irin na mai jiran in yi tuntuɓe. Ku matso, tabarmar za ta ɗauke mu duka. Maganar da na zo da ita ba ta da daɗin ji. Akwai wanda ƙwaya ta kama, wanda babu abin da ya fi masa amfani kamar likita ya ɗora shi a kan wani magani daga dangin ƙwayar, ya riƙa sha kullum, wata da watanni, wani ma shekara da shekaru. Ranar raba shi da maganin kuwa ba ku za ku sa ba kamar ranar biki.

Na ji abin da Alhaji ya faɗa ƙasa-ƙasa: an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ajiye karin maganar a aljihu, za mu neme ta.

Bari in fara gaisawa da Kanawa, don Bazazzagi ba ya wuce abokin wasansa bai tsokane shi ba. A 2017 aka miƙe a zauren Majalisar Dattawa aka ce kwalba miliyan 3 ta maganin tari mai kodin ake shanyewa kullum a Kano da Jigawa. Na san halinku, za ku taya kamar kuna Kantin Kwari. To ku rage rabi, ku sake rage rabi, na sallama. Abin da ya saura ma ya isa ya hana uwa barci. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da bincikenta kan kodin, ba a yi mako ba gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi. An hana kwalba, ƙishirwa tana nan. Rahoton 2018 da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya fitar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya ce mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun taɓa wani abin maye a shekarar da ta gabata. Miliyan 4.6 ƙwayoyin kashe zafi suka sha ba da umarnin likita ba, akasari tiramol. Kuma cikin kowane masu sha huɗu, ɗaya mace ce. Hajiya, wannan taki ce. Ki daina kallon kangon bayan layi kawai, wata kwalbar a ƙarƙashin gadon amarya take.

Tiramol, kodin, fenta da ake yi da allura, mofin na asibiti, hiroyin: gida ɗaya suka fito, dangin ofiyom. A ƙwaƙwalwar kowa, har da ta Malam, akwai wasu 'yan gurabe da Allah ya tanada domin sinadaran rage zafi da jiki ke haɗa wa kansa. Waɗannan ƙwayoyi a nan suke zama. In ana cika guraben kullum daga waje, jiki sai ya sake lissafi, ya mai da ƙwayar abin da ba ya tafiya sai da ita. Ɗaya ta daina yi, sai biyu, sai kati guda. Likita ba ya wuce miligiram 400 na tiramol a yini, amma wadda ake sayarwa a tasha ƙwaya ɗaya 225 ce, wata 250, kuma akwai mai watsa huɗu a baki kafin ya hau babur. Shi ya sa wasu ke faɗuwa suna jijjiga kamar masu farfaɗiya.

Ranar da aka rasa ta fa? Kafin yini ya ƙare hamma ta fara, ido na ruwa, hanci na zuba. Tsikar jiki ta tashi ana tsakiyar zafin Afrilu, ya ja bargo, ya jefar, ya sake ja. Ciki ya murɗa, zawo, amai. Ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya a kan katifa, ya tashi ya zaga tsakar gida ƙarfe uku na dare. In ka tambaye shi, cewa zai yi ƙashinsa ake sara daga ciki. Rana ta biyu da ta uku ne ƙoli, wajen mako guda jiki ya lafa. Amma rashin barci, da baƙin cikin da ba shi da dalili, da ƙishirwar da ke tashi in ya bi ta kwanar da ya saba saye, waɗannan suna iya bin sa watanni.

Alhaji ya ce ai in mutum ya yi niyya, ya daina. Ranka ya daɗe, ranar farko ta azumin bana, wajen la'asar, wane ne ya ɗaure kai da hirami yana yi wa yara tsawa don sun buga ƙofa? Ba yunwa ba ce, duk mun san ka yi sahur da tuwo. Goro aka hana ka, daga asuba zuwa magariba kawai. Kuma ana kiran salla, kafin dabino ya kai ciki, hannunka yana aljihu. Ga niyya, ga imani, ga lada a gaba, amma kai ya sara. To yaron da ƙwaya ta kama abin da ke kansa ya ninka naka ba adadi, kuma shi babu magaribar da yake jira.

Sai Hajiya ta ce a kai shi gidan mari, a kulle, wata uku ya fito tas. Na san a nan Kanawa za su rama, kuma ba ni da bakin musu: a Rigasa ta Kaduna ne 'yan sanda suka buɗe wani gida a Satumbar 2019 suka fito da mutane sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa, wasu da tabon bulala a baya. Wata bai cika ba aka buɗe wani a Daura. Na karɓi nawa. Amma ku ajiye maganar zalunci gefe, ku dubi lissafin kawai. Wanda aka kulle wata uku, sabon da jikinsa ya yi da ƙwaya ya zube, ƙishirwar kuma ba ta zube ba. Ya fito, ya tarar da unguwa yadda ya bar ta, da abokai, da mai sayarwa. Ranar da ya zame, adadin da ya saba sha a da shi zai sha, jikin kuwa ba na da ba ne. Barci ya ɗauke shi, numfashi ya yi ta raguwa har ya tsaya. A jihar Washinton ta Amurka an bi sawun fursunoni sama da 30,000 da aka saki, aka buga sakamakon a 2007. A mako biyun farko bayan fitowa, haɗarin su mutu da ƙwaya ya ninka na sauran mutanen jihar sau 129. Ku da kuke cewa “ya fito tas”, makon da kuke rabon sadakar godiya shi ne makon da ya fi kusa da likkafani.

Yanzu fito da gara da zagonka, Alhaji.

Maganin da na ambata tun farko sunansa metadon, a Jamus aka haɗa shi a ƙarshen shekarun 1930, don kashe zafi. A 1965 wasu likitoci biyu a New York, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka buga abin da suka gani bayan sun riƙa ba masu hiroyin shi kullum. Mutanen da da ba su da zance sai na allura ta gaba suka fara tambayar makaranta da aiki. Dalilin bai da wuyar ganewa. Ƙwayar titi tana hawa da sauri, tana sauka da sauri, mai ita ya yini tsakanin sama da ƙasa: ya bugu, ya sake, ya fita nema. Metadon yana shiga a hankali, yana daɗewa a jiki yini guda ko fiye. In an daidaita adadinsa, yawanci miligiram 60 zuwa 120, guraben nan suna a cike, babu azabar yankewa, babu kuma buguwa. Ɗan uwansa bufurenofin, wanda ake sa wa a ƙarƙashin harshe ya narke, shi ma haka, da ƙarin cewa ƙarfinsa yana da silin da ba ya wucewa, don haka bai cika tsai da numfashi ba.

Ku je asibitin Muhimbili a Darussalam ta Tanzaniya, inda aka buɗe irin wannan sashe a 2011. Da sassafe layi ne a gaban taga. Mutum ya nuna shaidarsa, a auna masa ruwan magani a ɗan kofi, ya shanye a gaban ma'aikaci, ya kama hanyar wurin sana'arsa. Ba ciniki, ba ɓuya, ba allurar da mutum biyar suka yi amfani da ita, ba a san abin da na farko ke ɗauke da shi a jini ba. Wannan mutumin, da wanda ya cire fankar ɗakin mahaifiyarsa ya kai wa 'yan gwangwan, su kake kira gara da zago?

In kuma lamba kake so, tunda kai ɗan kasuwa ne. A 2017 mujallar likitoci ta BMJ ta tattara bincike daga ƙasashe daban-daban. Cikin kowane mutum 1,000 da ke kan metadon, kimanin 11 ke mutuwa a shekara. Cikin 1,000 da suka bar shi, 36. Faransa ta ba likitocin unguwa damar rubuta bufurenofin a tsakiyar shekarun 1990, cikin shekara huɗu mace-macen shan ƙwaya fiye da kima suka ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan biyu a jerin waɗanda bai kamata ƙasa ta rasa ba tun 2005.

Allah ya gafarta Malam, na ga leɓe na motsi: wannan tsarin Turawa ne. Fatawa taku ce, ni ba na shiga gonar da ban nome ba. Labari kawai zan bayar. Iran na cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan mutane a kan metadon. Maleshiya ta fara a 2005, har aka kai ga ba da shi a harabar masallacin Ar-Rahman da ke Kuala Lumpur: a sha magani, a yi salla, a saurari nasiha. Senegal ta buɗe cibiyarta a Dakar a ƙarshen 2014. In duk waɗannan Turawa ne, to rawani ya yi arha a Turai.

Kada dai ku ce na zo tallar magani. Metadon yana kisa. Makonnin farko da ake neman adadin da ya dace suna da haɗari, shi ya sa ake farawa da kaɗan. Haɗa shi da giya ko rochi ko wata ƙwayar barci neman kabari ne. Abin da babba ya saba sha a yini yana iya kashe yaro, don haka in an ba mutum na gida, akwati da kwaɗo. Kuma ba kowane mai tiramol ke buƙatarsa ba. Da yawa ana rage musu a hankali a asibitin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa, ko Kware, ko Dawanau, ko Maiduguri, a ba su magungunan sassauta azaba, a haɗa da zaman shawara, su miƙe. Likita ne zai tantance, ba mai kemis ba, ba kuma ƙanin baba da ya taɓa gadi a asibiti ba. Abin takaicin ma, a wajenmu magungunan nan biyu ba su wadatu ba ko ga waɗanda suka fi buƙata. Ƙwayar kisa ana samunta a kowace tasha, ta ceto sai an sha wuya.

To mu ce an dace. Yaro ya samu, ya yi wata shida, ya yi ƙiba, ya koma shago, yana sahun asuba. A nan ne dangi ke taruwa da tambayar da na sa a kan wannan rubutu. Goggo ta ce ai ya warke, me ya rage? Kawu ya ce a daina kafin azumi. Hajiya ta ce a daina kafin a kai lefe, kada dangin yarinya su ji. Kowa da kalandarsa, ba wanda ya tambayi mai jikin. Abin dariya, Alhajin da ke jagorantar taron shekara goma ke nan yana haɗiyar maganin hawan jini kowace safiya, kuma in ɗansa ya ce “Baba, yaushe za ka daina?” sai ya ga kamar fatan mutuwa ake masa.

Ya yi kyau ne saboda maganin yana aiki. Ku cire da gaggawa ku ga abin da ya gani. A Amurka an gwada da mutum 653 da ƙwayoyin kashe zafi suka kama, irin matsalarmu ke nan, aka buga a 2011. Da aka ba su bufurenofin na ɗan lokaci aka janye cikin wata guda, waɗanda suka tsira daga ƙwayar ba su kai 7 cikin ɗari ba. Da aka riƙe su mako 12 a kai, kusan rabi suka daidaita. Aka sake janyewa, bayan mako 8 waɗanda ke tsaye ba su kai 9 cikin ɗari ba. A lardin British Columbia na Kanada an duba dubban waɗanda suka yi ƙoƙarin sauka daga metadon, kimanin 13 cikin ɗari ne suka sauka suka zauna lafiya, kuma waɗanda suka ja saukar fiye da shekara sun fi masu wata uku nasara nesa ba kusa ba. Wancan binciken na BMJ ma ya nuna mako huɗun farko bayan barin magani su ne mafi muni. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa. A nan makara yake haifa.

Ana sauka, ban ce ba a sauka ba. Amma kafin a fara, likita zai duba abubuwan da ba a aunawa da sirinji. Ya daɗe bai taɓa ta titi ba? Yana da abin yi da rana? Inda yake kwana akwai kwanciyar hankali? Tsoffin abokan sun daina sallama? Ciwon baya ko damuwar da ta fara kai shi ga ƙwayar, an yi maganinta? Sannan babbar tambaya: shi ne yake so, ko kunyar dangi ce ke tura shi? In amsoshin sun yi daɗi, sai a fara ragewa, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na abin da yake sha, a tsaya mako biyu ko fiye jiki ya saba, a sake ragewa. In barci ya gudu, ko ya fara mafarkin ƙwaya, ko ya tsinci kansa yana bi ta tsohuwar kwana ba dalili, a dakata. In ta kama a koma matakin baya, a koma. Ba wanda ya faɗi jarrabawa.

Ga inda masu lissafin kasuwa ke ruɗewa. Kuna zaton wahalar a farko take, ƙarshe kuwa ɗan guntu ne, a jefar kawai. Akasin haka ne. An ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu shan bufurenofin, aka ga miligiram 16 yana rufe kimanin kashi 80 cikin ɗari na guraben nan, amma miligiram 2 kacal yana rufe kusan kashi 40. Wato daga 16 zuwa 2 ka rage rabin aikin ne kawai, sauran rabin duk yana cikin ɗan gutsuren da Kawu ke cewa “wannan ai ba komai ba ne.” Shi ya sa ake ƙanƙanta ragin a ƙarshe, ake kuma tsawaita tazara. Metadon ma in an sauko ƙasa da 30 tafiya takan koma ta hawainiya. Kuma da yake yana daɗewa a jiki, azabar rabuwa da shi ba ta zuwa sai bayan kwana ɗaya ko biyu, sannan ta ja makonni. Mutum zai ce “lafiya lau nake” ran Litinin, ran Alhamis yana zagaya tsakar gida.

Wani zai sauka cikin shekara, wani cikin uku. Wani zai gwada sau biyu ya ga ba ta yi ba, ya zauna a kan maganinsa, ya yi sana'a, ya aurar da 'ya'ya, ya yi furfura. Ni dai a wurina wannan ya warke, ko da Goggo ba ta sa hannu a takardar ba.

In kuna son aikin yi, tunda na ga zama ba ya muku, ga shi. Ku tambayi likita nalokson, maganin da ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta danne wa numfashi, ku ajiye inda kowa ya sani, musamman a watannin bayan sauka. Ku san alamun: an girgiza shi bai farka ba, numfashi jefi-jefi ko minshari mai gurnani, leɓe ya sauya launi, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura. A kwantar da shi a gefe, a ba shi maganin in akwai, a nufi asibiti ko da ya farka, don nalokson yakan sake kafin ƙwayar ta sake. Ban da ɗura masa madara ko manja, ban da “a bar shi ya yi barci, zai sake shi.” Kuma in ya zame sau ɗaya ya zo ya faɗa, a riƙe zagin tukuna a raka shi wurin likita, don in aka zage shi yau, ta gaba ba za a ji ta ba sai an fasa ƙofa.

Saura wadda na san Alhaji ya ɓoye don ya kayar da ni: to kai za ka ba shi 'yarka? Zan yi bincike, kamar yadda ake yi wa kowa. Zan tambayi tun yaushe yake zuwa asibiti bai tsallake ba, me yake yi daga safe zuwa yamma, wa ke bin sa bashi, kuma ko ya gaya wa yarinyar gaskiya da bakinsa. In ya ɓoye mata, babu aure. In ya faɗa, ita ta ji ta gani, shi kuma ya yarda in zauna da likitansa, sai a sa rana. Shi ko ba komai yana da kati da likitan da za a tambaya. Surukin da ka ba taka bara don ya zo da mota mai baƙin gilashi, wa ka aika ya buɗe aljihun gaban motar?